Zaman jinyar iyali: Yadda yake gyara gida da hanyar samun ƙwararren da ya dace

A yawancin gidajenmu, idan saurayi ya faɗa shaye-shaye, ko mai jego ta shiga ƙunci, ko magidanci ya daina barci bayan karyewar jari, abin da aka saba yi shi ne a ware mutum ɗaya a ce shi ne matsalar. Sai a kai shi wurin mai ruƙiyya, ko asibiti, ko gidan mari, sauran 'yan gida kuma su zauna jiran a dawo musu da shi a gyare. Sau da yawa yakan dawo da sauƙi, amma bayan 'yan watanni sai a wayi gari an koma gidan jiya.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura da ɗaya daga cikin dalilan hakan. Majinyacin ya samu magani, amma gidan da ya koma yana nan yadda ya bar shi, da faɗan da aka saba, da gorin da aka saba, da maganganun da kowa ke tsoron furtawa. Wannan ne ya haifar da hanyar magani da za mu kira zaman jinyar iyali, inda ƙwararre ke zaunar da 'yan gida tare domin su gyara yadda suke mu'amala da juna.

Mene ne zaman jinyar iyali?

Magani ne da ake yi da tattaunawa, ba da ƙwaya ko allura ba, kodayake sau da yawa yana tafiya tare da maganin da likita ya rubuta. Maimakon ƙwararren ya gana da mutum ɗaya, yakan gana da duk waɗanda lamarin ya shafa: miji da mata, iyaye da 'ya'ya, wani lokaci har da kaka, ko kishiya, ko yayan da ke ɗauke da nauyin gidan.

Tushen tunanin shi ne cewa halin kowane ɗan gida yana taɓa sauran, kuma martanin da suka mayar yana komawa ya taɓa shi. Uba ya tsananta saboda ɗa yana ɓoye masa abubuwa, ɗa kuma yana ɓoyewa saboda uba ya tsananta. Idan aka tambayi kowannensu wa ya fara, zai nuna ɗayan, kuma kowa yana da gaskiya daidai gwargwado. Saboda haka ƙwararren ba ya ɓata lokaci wajen neman mai laifi. Aikinsa shi ne ya nuna wa iyalin wannan kewayen, sannan ya taimaka musu su gano inda za su katse shi.

Daga ina abin ya samo asali?

Hanyar ta fara bunƙasa ne a Amurka a shekarun 1950. Wani likita mai suna Murray Bowen ya riƙa kwantar da masu taɓin hankali a asibiti tare da iyalansu domin ya ga yadda suke zama da juna. Daga makarantarsa ne aka yaɗa zanen bishiyar zuri'a da ƙwararru ke amfani da shi har yau, inda ake zana aƙalla iyaye da kakanni da jikoki domin a ga abubuwan da ke maimaita kansu, kamar sakin aure ko gaba tsakanin 'yan uwa. Shi kuma Salvador Minuchin, ɗan asalin Ajantina da ya yi aiki da iyalai marasa galihu a biranen New York da Philadelphia, ya mayar da hankali kan tsarin gida: wa ke yanke hukunci, wa ke haɗa kai da wa, kuma ina iyakar iyaye da 'ya'ya take.

Sai dai shigar da iyali cikin jinya ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Tun a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin ƙauye a Aro da ke kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyata, sai aka riƙa sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne tare da ɗan uwansa mai kula da shi, suna zuwa karɓar magani da rana. Tsarin ya yi suna a duniya, kuma daga baya Lambo ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Yadda zaman ke gudana

Mu ɗauki misali. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana da mata biyu. Babban ɗansa na ɗakin uwargida, mai shekara 19, ya fara shan ƙwaya. Duk lokacin da Alhaji ya gano, sai ya yi masa kaca-kaca a gaban ƙannensa, ya ce zai kore shi. Mahaifiyar yaron, saboda tsoron kada a kore shi kuma kada ɗakin amarya su yi mata dariya, sai ta riƙa rufa masa asiri, tana biyan bashin da ya ci, tana cewa ya kwana a gida alhali bai kwana ba. Da Alhaji ya gano ana ɓoye masa, sai ya juya kanta ya ce ita ta lalata shi. Yaron kuwa, da ya ga iyayensa na faɗa a kansa, sai ya fice majalisa, inda ƙwayar take jiransa.

A zaman farko, ƙwararren zai ba kowa dama ya faɗi yadda yake ganin lamarin ba tare da an katse shi ba. A gidaje da yawa, wannan ne karo na farko da ɗa zai kai ƙarshen magana a gaban mahaifinsa. Daga nan sai ya yi tambayoyin da ke buɗe ido. Zai iya cewa: “Alhaji, idan ka yi masa faɗa ka fita kasuwa, me kake jin Hajiya ke yi?” Ko ya tambayi yaron: “A ganinka, wa ya fi shiga damuwa a gidan nan idan ka kai dare a waje?”

Bayan an ga yadda abin ke kewayawa, sai a tsara abin da kowa zai sauya. Iyayen su amince da doka ɗaya da hukunci ɗaya, su kuma faɗa wa yaron tare. Hajiya ta daina biyan bashi a ɓoye. Alhaji ya daina yi masa faɗa a gaban 'yan uba, ya ware lokacin da zai zauna da shi su biyu, ko ya ba shi wani aiki a shago da zai iya riƙewa. Yaron kuma ya ci gaba da ganin likita. A zama na gaba sai a duba abin da ya yiwu da wanda ya gagara.

Yawanci kowane zama yakan ɗauki minti 50 zuwa 90, sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Wasu iyalan zama kaɗan ke isar su, wasu kuma sukan ɗauki watanni.

Da me ya bambanta da sulhu?

Al'ummarmu tana da tsohon tsarin sasanci. Akwai waliyyai da iyayen gida, akwai liman da mai unguwa, akwai Hisba da zaurukan sulhu a jihohi da dama, kuma aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarnin a naɗa mai sasantawa daga dangin miji da kuma daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka. Zaman jinyar iyali bai zo ya ture waɗannan ba.

Bambancin yana wurin aikin da kowanne ke yi. Mai sulhu yakan saurari ɓangarori, ya faɗi wanda ya yi kuskure, a ba da haƙuri, a yi addu'a a tashi. Wannan yana kashe wutar da ta tashi. Amma idan ma'aurata sun je gaban waliyyi sau biyar a kan magana ɗaya, alama ce ta cewa akwai abin da haƙuri kaɗai bai taɓa ba. Ƙwararren ba dangin kowa ba ne, ba ya yanke hukunci, kuma aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri. Sannan yana da horon gane cutar da ke ɓoye a bayan rikici. Matar da ake cewa ta zama malalaciya bayan haihuwa, ta daina wanka, ta daina kula da jariri, wataƙila ciwon damuwa ne ke cin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Nasiha kaɗai ba za ta warkar da irin wannan ba.

Waɗanne matsaloli yake taimakawa a kai?

Na farko shi ne taɓin hankali mai tsanani. Binciken da George Brown da abokan aikinsa suka faro a Landan tun ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa majinyatan da suka koma gidajen da ake yawan kushe su, ko nuna musu ƙiyayya, ko takura musu da kulawar da ta wuce kima, sun fi saurin sake kwantawa. Wannan ba ya nufin iyali ne suka jawo cutar. Abin da yake nufi shi ne yanayin gida yana da tasiri a kan dawowarta. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a yi wa irin waɗannan iyalai aƙalla zama 10 a tsakanin wata uku zuwa shekara ɗaya, tare da maganin likita.

Na biyu shi ne shaye-shaye, musamman na matasa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu na masu shan mace ce. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai iyaye, ko mata, ko miji da ba su san yadda za su yi ba.

Sauran sun haɗa da rikicin ma'aurata, da saɓani tsakanin uwar miji da matar ɗa, da 'yan ubanci, da halin da agola ko 'ya'yan da aka saki uwarsu ke shiga, da yaron da ya ƙi makaranta, da raɗaɗin rasuwa, da gajiyar jinyar tsoho mai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwa. Haka nan iyalan da aka sace wani nasu aka biya kuɗin fansa, ko waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, sukan ci gaba da ɗauke da firgici da bashi da zargin juna tsawon lokaci bayan abin ya wuce.

Inda bai dace a fara da shi ba

Idan akwai duka, ko barazanar kisa, ko cin zarafin yaro, ba a fara haɗa wanda ake cuta da mai cutar da shi a ɗaki ɗaya. Abin da aka faɗa a zaman zai iya zama sanadin wani dukan idan an koma gida. A nan tsare rai ne a gaba, kuma ƙwararren kirki zai fara ganin kowa shi kaɗai kafin ya yanke shawarar haɗa su.

Haka kuma idan mutum yana maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi, ko ya fita hayyacinsa, asibiti za a kai shi a ranar, ba tare da jiran wani zama ba.

Wa ya kamata a nema?

Akwai rukunin ma'aikata da mutane ke yawan cakuɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙware a wannan fanni, shi ke tantance cuta ya rubuta magani, kuma dole ne ya kasance da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda ma'aikata ke kira saikolojis, yakan kasance da aƙalla digiri na biyu a fannin, ba ya rubuta ƙwaya, kuma shi ne ya fi gudanar da jinya ta hanyar tattaunawa. Akwai nas da suka samu horo na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa, da jami'an jin daɗin jama'a na asibiti waɗanda ke bibiyar halin da majinyaci ke ciki a gida. Sai kuma masu ba da shawara da suka karanci fannin a jami'a, waɗanda aka kafa dokar majalisar da za ta kula da aikinsu a 2022.

Gaskiyar magana ita ce ƙwararrun sun yi ƙaranci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a cikin gida ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. Waɗanda suka keɓanta da jinyar iyali kaɗai sun fi haka ƙaranci. Don haka abin da ya fi sauƙi shi ne a nemi ɗaya daga cikin waɗanda aka lissafa, a tambaye shi ko yana zama da iyali gaba ɗaya.

Ina za a same su?

A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, sannan akwai asibitin Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Jos, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ke jin nauyin shiga asibitin ƙwaƙwalwa kai-tsaye zai iya yanke kati a sashen ganin likita na yau da kullum, ya bayyana damuwarsa, a tura shi inda ya dace.

Ma'aikacin gwamnati da ke cikin inshorar lafiya ya fara da asibitin da ya yi rajista, ya nemi takardar turawa, ya kuma tambayi abin da inshorar ke biya da wanda ba ta biya. Ɗalibai na da cibiyoyin ba da shawara a jami'o'insu. Game da shaye-shaye, hukumar NDLEA tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta da ke aiki dare da rana. Akwai kuma asibitoci masu zaman kansu da masu ganawa ta waya ko ta bidiyo, waɗanda kuɗinsu ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba.

Tambayoyin da za a yi kafin a fara

Ɗan kasuwa ba ya sayen dila bai buɗe ta ba, to haka ya kamata a yi a nan. A tambayi ƙwararren me ya karanta, a ina, kuma da wace hukuma ko ƙungiya yake da rajista. A tambaye shi ko ya taɓa aiki da iyalai masu irin wannan matsala. A ji ko yana jin Hausa, domin kaka ko uwar da ba ta jin Turanci ba za ta buɗe cikinta ta bakin tafinta ba, balle idan tafintan ɗanta ne. A ji yadda yake kallon addini da al'adar gidan, musamman auren mace fiye da ɗaya da zaman gandu. Ba dole ne ya zama ɗan garinku ba, amma dole ne ya girmama abin da kuka yi imani da shi. A tambayi kuɗin kowane zama, da adadin zaman da yake hasashe, da kuma wanda zai iya ganin bayanan da ya rubuta. Idan matan gidan sun fi sakewa da mace, a faɗa tun farko.

Akwai kuma alamomin da ke cewa a ja da baya: wanda ya yi alƙawarin warkarwa cikin kwana bakwai, ko ya ce a jefar da maganin likita, ko ya ɗauki ɓangare tun zaman farko, ko yake ba da labarin wasu iyalai da sunayensu, ko yake neman keɓewa da mace ko yarinya a wajen wurin aiki. Shafukan Facebook da TikTok cike suke da masu kiran kansu ƙwararru kan zamantakewar aure, kuma yawan mabiya ba shaidar karatu ba ce.

Duk inda ake ɗaure mutum da sarƙa ko ake dukansa da sunan gyaran hali, a guje shi. Jama'a ba su manta da samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa da ke Kaduna a watan Satumban 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na a riƙe sirrinsa, a kuma kare shi daga wulaƙanci da azabtarwa.

Idan wani ya ƙi zuwa fa?

Wannan ce tambayar da ta fi damun mata, domin sau da yawa maigida ne ke cewa ba zai kai sirrin gidansa gaban bare ba. Yadda aka gabatar da maganar yana da tasiri. “Alhaji, likita na son jin ta bakinka a kan yaron nan, don ka fi kowa saninsa” ta fi saurin karɓuwa a kan “an ce kai ma sai an duba ka.” Wani lokaci kuma aminin maigidan, ko yayansa, ko limamin da yake jin maganarsa ne zai fi iya shawo kansa.

Idan duk da haka ya ƙi, sai waɗanda suka yarda su fara. Akwai wani tsari da masanin Amurka Robert Meyers ya jagoranci ƙirƙirowa, wanda ke horar da iyalan mashayin da ya ƙi karɓar magani kan yadda za su sauya mu'amalarsu da shi. A gwaje-gwajen da aka yi, kusan biyu cikin uku na irin waɗannan mashaya sun amince sun shiga magani daga baya. Idan mutum ɗaya ya sauya takunsa a gida, da wuya sauran su ci gaba da tafiya yadda suka saba.

Babban abin da ke hana iyalai neman taimako shi ne tsoron tonon asiri, kada a ce gidan wane akwai mahaukaci, kada 'yan matan gidan su rasa manema. Tsoro ne da ke da dalili a al'ummarmu. Amma matsalar da aka rufe shekara biyar takan fito da kanta, a ofishin 'yan sanda, ko a kotu, ko a gaban maƙwabta, a lokacin da ba a zaɓa ba. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ganawa da ƙwararren da aikinsa ya ɗora masa riƙe amana ta fi kusa da rufin asiri a kan jiran wannan rana, kuma matakin farko bai wuce yanke kati a asibiti mafi kusa a ce ana son ganin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba.